Ranar da Dallatu Ya Ci Ɗanyar Gora

Dallatu direba ne, kuma tun yana saurayi hannunsa ya fi bakinsa sauri. Na san shi tun Gwarinpa tana rabi gidaje rabi ciyawa, ina tuyar waina a bakin layinmu, shi kuma yana jan motar wata ma'aikatar tarayya. Ɗan Jiwa ne, gajere, ƙirji kamar turmi, wuya kuwa Allah bai ba shi ba. A gabana ya ɗaga wani kwandasta ya nana shi da ƙofar bas har gilashi ya zube, wai don ya ce masa tsoho. A gabana ya sauke wa mai facin taya sifana a baki, haƙora suka watse a kwalta kamar an ɓarar da masara. In 'yan sanda suka sako shi, bencina yake fara zuwa.

"Iya, zuba mini, ki sa yaji da yawa."

"Angona, yau kuma wa ka aika asibiti?"

"Shi ya aika kansa, Iya. Ni rakiya na yi masa."

Matarsa Mero ce kaɗai bai taɓa ɗaga wa hannu ba. Kada ku ce kirki ne. Mero tana da taɓarya, kuma ta san inda ake sauke ta.

Aikin direban oga rabinsa jira ne. Oga na ciki yana shan sanyi a mitin, kai kana waje kana neman wanda zai taka ka. Don ta raba shi da faɗa da masu gadi, 'yarsa ta zuba masa shirye-shiryen talabijin na Japan a waya, duk na abinci. Na leƙa na gani da idona. Mutum da hankalinsa zai hau jirgin ƙasa ya wuni yana tafiya don ya ci wani kifi da ba ya fitowa sai da sanyi. Ya sa a baki, ya rufe ido, ya yi nishi kamar mai naƙuda. A wasan kwaikwayonsu ma, ko aure zai mutu sai an fara nuna maka tukunya tana tafasa. Turancin da ke gudu a ƙasan hoton rabi Dallatu ke kamawa, amma abu ɗaya ya shige shi har ƙashi: kowane abinci da lokacinsa, da garin da ya fi yin kyau.

Da ya yi ritaya sai abin ya zama doka a gidansa. Ɗorawa da bazara. Tafasa da shinge da farkon ruwa. Naman kaza in damina ta zauna, ɗinya in ta kusa tafiya, fara da sanyi. Doya sai sabuwa, kuma sai ta gonakin Gbagyi. Faɗan bai bari ba, dalili kawai ya sauya. Ya taɓa kifar da baron wani mai mangwaro a kasuwar Gwarinpa don ya rantse masa cewa na Jiwa ne, alhali ko fure bai yi ba a Jiwa. Mai mangwaro ya fasa masa goshi da dutsen awo. Ya dawo da ɗinki, yana murna wai ya kare gaskiya.

Sai aka nuna masa gora. Wani tsohon Japan da tsohuwarsa suka shiga kurmin gora bayan ruwan farko, suna lalube da ƙafa, suka tono toho mai kamar ƙahon sa. Suka ɓare, suka daɗe suna tafasa shi a ruwan wankin shinkafa, suka ci suna lumshe ido. Dallatu ya tuna da wani kurmin gora a bakin rafi, a wani ƙauye bayan Sheda, inda yakan wanke mota in ya kai oga cibiyar bincike. Ruwa na sauka ya ɗauki fartanya da buhu ya tayar da tsohuwar motarsa. Bai tambayi kowa ba. Ya ce gora ai ta Allah ce.

Na ɗanɗana a miyar agushi, kuma ba zan yi ƙarya ba, da daɗi, yana ƙaras-ƙaras a baki. Amma ɗanyensa dafi ne, irin na rogo mai ɗaci. Kazar maƙwabta ta tsattsagi yankan da Mero ta zubar, ta yi juyi a tsakar gida ta miƙe ƙafa.

Gorar kuwa tana da mai ita. Sunansa Zacharias, manomi ne, ubansa ya dasa ta. Magina na Abuja yake sayar wa, su tokare rufin siminti su kuma kafa abin hawa bene. Tohon bana shi ne sandar da zai sayar nan gaba, da ita yaransa ke makaranta. Ya riƙa zuwa yana tarar da toho ya ɓace. Dallatu, da yake ɗalibin kirki ne, yakan mayar da ƙasa ya rufe ramin kamar yadda tsohon Japan ya yi, ya ɓare tohon a wurin ya bar ɓawon a warwatse. Bayan ya tafi sai Fatihu, wani makiyayi mai ruga a hayin rafi, ya kawo shanunsa shan ruwa su tattake wurin. To ku gaya mini, mutum ya ga ɓawo a yage, ga sawun kofato, wa zai kawo wa ransa cewa wani ɗan Adam mai fansho ne ke zuwa daga Gwarinpa yana cin gora? Zacharias ya yi wa Fatihu kashedi. Fatihu ya rantse. Aka sake, aka sake rantsuwa. Dama akwai tsohon haushi tsakanin ƙauyen da rugar, na gonar dawa da aka taɓa shiga.

Ranar da abin ya fashe ina cikin motar, na bi Dallatu in samo tafasa da kaɗanya. Ni na makarar da shi, don ba na fita ban shafa mai ba, sai da hantsi muka isa. Tun daga kan hanya muka ji kukan wani sa, irin kukan da ba na yunwa ba.

Bijimi ne fari, an sare masa agara, yana jan gindi a cikin laka yana neman tashi yana faɗuwa. Sauran shanun sun watse cikin daji. Fatihu na ɗaure a jikin wata bishiya da igiyar shanunsa. An sare shi a hannun dama da ya tare adda, naman ya buɗe, jini na bin yatsunsa yana ɗiga. Ido ɗaya ya rufe don kumburi. Samari sun kewaye shi da adduna da gorori, wani na riƙe da jarkar fetur. Zacharias na tsaye yana tura masa ɓawon toho a fuska.

"Wannan fa? Iska ne ya ci? Saniyanka ya cinye ni, ya cinye yarana!"

"Wallahi nagge ba ta taɓa shi ba," in ji Fatihu. "Ciyawa ta cika daji, me za ta yi da itace?"

Wani ya zabga masa gora a haƙarƙari. Na ji ƙarar har cikin mota.

Dallatu ya riƙe sitiyari, injin na aiki, hanya a buɗe take ta baya. Na ce, "Angona, ɓawonka ne a hannun mutumin can."

"Na gani, Iya."

Ya kashe mota ya fita.

"Ku sake shi! Ni ne nake tonowa. Ni nake ci."

Wani ya fashe da dariya, sauran suka kama.

"Oga, me ka ce kana ci?"

"Gorar. A Japan ana ci. Miya ake yi."

"Japan!" in ji mai jarka. "Baba, ɗan'uwanka ne ka zo ka cece shi, ko? Shiga motanka ka tafi tun kana da ƙafa."

Dallatu ya ciro waya zai nuna musu tsohon da tsohuwarsa. Wani dogon saurayi ya buge ta da bayan adda, ta faɗa kan dutse ta tarwatse. Nan fa direban da na sani ya dawo. Ya sa kai ya tunkuyi dogon a hanci, na ji ƙas, jini ya tsinke masa har ƙirji. Ya damƙi na biyu ya buga da ƙasa. Amma shekaru ba su da kunya. Suka rufe shi da gorori, a baya, a gwiwa, a ka, har ɗinkin mai mangwaro ya sake buɗewa. Na fito ina ihu ina zaginsu da iyayensu, wani ya ture ni na zauna daɓas a cikin laka. Mai jarka kuwa ya buɗe murfi ya tuttule wa Fatihu fetur tun daga ka. Fatihu ya daina roƙo, ya koma salati.

Zacharias ya ɗaga hannu. Ya shiga kurmin, ya sa adda ya tono wani toho mai kauri kamar damtse, ya jefa a gaban Dallatu.

"In kai ne kana ci, ci mu gani."

Dallatu ya tofar da jini. "Sai an tafasa. Ɗanye dafi ne."

Zacharias ya juya ga samarin. "Kun ji ko? Ƙarya ya ƙare. Kawo ashana."

"Tsaya."

Dallatu ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa, ya zaro 'yar wuƙarsa daga aljihu. Ya sare kan tohon a karkace, ya tsaga shi a tsaye, ya sa manyan yatsu ya murɗa, ɓawon ya zame gaba ɗaya ya bar farin ciki. Ya yi bisimilla ya gatsa.

Na ga fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka. Ya tauna ya haɗiye. Ya sake gatsa. Hawaye na zuba, jini na gangarowa daga goshi yana shiga bakinsa, yana haɗawa da shi yana ci. Ba wanda ya yi dariya yanzu. Ya cinye har gindi, ya dubi mai ashana.

"Ko in ƙara?"

Zacharias ya sunkuya ya ɗauki ɓawon da Dallatu ya yar, ya haɗa da wanda ke hannunsa tun ɗazu. Sara ɗaya a karkace, tsaga ɗaya a tsaye. Ya daɗe yana kallo. Saniya ba ta da wuƙa, ko shi ya san wannan.

Matarsa Prudence ce ta ratso mutane, ta ɗauki guntun gindin da ya rage ta sansana, ta yi ihu. "Warin rogo mai kisa ne! Zacharias, za ka kashe mutum biyu a gonan babanka?" Ta fizge ashanar daga hannun yaron can ta cusa a zaninta, ta kwance igiyar da kanta. Fatihu ya sulale ƙasa.

Kafin a ɗaga shi Dallatu ya fara haki. Ya ce ƙasa na juyawa, ya kife, amai ya ɓalle masa, jikinsa na karkarwa. Prudence ta ruga gida ta kawo manja ta ɗura masa, rabi a ciki rabi a riga. Aka rasa mai tuƙi, sai dogon nan mai fasasshen hanci ya ce ya iya. Haka muka tafi asibiti: shi yana tuƙi da tsumma a hanci, Zacharias a gefensa ya rungume Dallatu yana ta cewa, "Oga, kar ka mutu mini," ni a baya da kan Fatihu a cinyata, na ɗaure masa hannu da ɗankwalina, warin fetur na hawa mini kai. Na ce wa dogon in ya kuskura ya faɗa rami da mu, abin da ya rage na hancin ni zan ƙarasa.

Dukansu sun rayu. Likita ya ce amai da gaggawar kawo shi ne suka ceci Dallatu, Prudence ta ce manjanta ne, ban raba musu gardama ba. Bijimin kuwa, 'yan rugar suka yanka shi tun kafin ya mutu a banza. Dattawan ƙauye da arɗo suka zauna, 'yan sanda suka shiga suka fita, aka kashe maganar yadda ake kashe irinta. Mero ta je asibiti da taɓarya a zuciyarta, ta ga yadda ya koma, ta fasa.

Hannun Fatihu dai bai dawo ba. Jijiyar ta tsinke, yatsun sun lanƙwashe, ba ya iya riƙe sanda da shi balle tatsa. Tun damina ba ta ƙare ba ya ce zai tashi ya yi wajen Abaji. Ranar da suke ɗaure kaya Dallatu ya ce in raka shi rugar, don shi bai san yadda ake ba da haƙuri ba, bai taɓa yi ba. Ya tsaya a gaban Fatihu yana dogara sanda, ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Na zungure shi. Ya ce, "Malam Fatihu, da na tambaya..." ya tsaya nan.

Fatihu ya dube shi, ya dubi hannunsa.

"Direba, in tambaye ka. Abin nan da aka sare ni a kansa, yana da daɗi kuwa?"

Dallatu ya sunkuyar da kai. "Da daɗi. In an dafa."

Fatihu ya gyaɗa kai. Ya ɗauki sandarsa da hagu, ya kira shanunsa, suka kama hanya.