Doyar Mama Ngodoo a But ɗin Babban Baƙo

Har gobe ba zan manta ranar da na ci amanar Mama Ngodoo ba. Lokacin ina ƙaramin malamin gona, ina zaga ƙauyukan Agyaragu a kan babur. Ku sababbin ma'aikata kun taso kun ga filin baje kolin amfanin gona ya zama garejin makanikai. A da, in an haƙe doya, rumfunan zana ake jerawa ƙarƙashin mangwarorin nan, kowane ƙauye da tasa, ofishinmu ma da tasa. Alƙalai su zaga, wanda ya yi zarra a ba shi kyauta.

A shekarar, kyautar doya injin feshi ce. Mama Ngodoo 'yar Tibi ce, mijinta ya rasu, kullum aron injin maƙwabta take yi. Ta zo da doya guda wadda sai mutum biyu ke ɗaga ta. Kowa ya san injin nata ne.

Mu kuwa masu koya wa mutane noma, rumfarmu ba komai sai kalanda da buhun taki. Gonar gwajinmu ciyawa ta cinye ta tuni. Oganmu, mataimakin darakta, ya kira ni gefe.

"Je ka aro mana doyar can. Da babban baƙo ya wuce a mayar."

Da farko ta ƙi, sai da na rantse mata. Ta ce, "Malam, saboda kai ne kawai."

Oga ya sa aka wanke doyar da sabulu, aka shafe ta da man gyaɗa don ta yi ƙyalli. Ko ɗan shekara bakwai a Agyaragu ya san doyar da aka wanke ba ta ajiyuwa, amma shi digirinsa biyu.

Babban baƙo ya iso bayan azahar, ya tsaya kanta.

"Daga gonar gwajinmu ne, ranka ya daɗe," in ji oga. "Sabon iri."

"Madam tana son sakwara," in ji baƙo.

A aikinmu, abin da babban baƙo ya yaba ba ya komawa gida. Direba da dogarinsa suka kinkime ta zuwa but ɗin motarsa. Ni kuma ina cikin masu tafi.

Da alƙalai suka isa rumfar Agyaragu, tabarma suka tarar. Injin ya tafi wani ƙauye. Mama Ngodoo ta same ni a gindin mangwaro.

"Malam, doya na ina yake?"

Na ce oga zai yi bayani. Oga yana wajen cin shinkafa da manya. Ta naɗe tabarmarta ta ce, "Kai da ka ci abinci a gida na." Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Da shekara ta zagayo mutanen Agyaragu ba su zo ba, sauran ƙauyuka suka bi sahu. Muka koma sayo doya a kasuwa muna ba junanmu kyauta, har abin ya mutu.

Abin da na koya shi ne, manomi zai yafe maka fari da ƙwari, amma ba ya ba ka amana sau biyu. A rahoton ofis an rubuta rashin kuɗi ne ya kashe baje kolin. Ni dai ina tsaye aka saka shi a but tare da doyar nan, har na tafa.