Tagar da Rahila Ta Buɗe da Ashana

Ku matso kusa ku ji, musamman ku sababbin ɗauka. A duk shekarun da na yi a wannan aiki, akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba, ranar da aka roƙe ni in yi surutu a ɗakin gwaji.

Ni ce Asabe, mai shara da wankin kwalabe a ɗakin gwajin magunguna na wata babbar makaranta a nan Minna. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni ba mai yawo ba ce, daga unguwarmu Kpakungu sai wurin aiki, daga wurin aiki sai ɗakina. Amma Allah ya ba ni kunne, ya kuma ba ni baki. Abin da malamai ke faɗa wa ɗalibai ina goge tebur, sai ya zauna mini a kai.

Akwai wata na'ura a ɗakinmu mai dogon suna, harshena ba ya iya kai shi ƙarshe, kafilari kawai muke ce mata. Duk girmanta, aikinta yana kan wani siririn bututun gilashi ne mai kaurin gashin wutsiyar doki, an shafe shi da wani rufi ruwan ƙasa don kada ya karye. Ana cika shi da ruwan gwaji, a sa ɗan digon magani a bakinsa, a sakar masa wutar lantarki mai ƙarfi. Sai abubuwan da ke cikin maganin su kama tsere, kamar yara a lungu, wani ya riga wani. Kusa da ƙarshen bututun akwai fitila mai lura da duk wanda ya wuce, ita ke sa kwamfuta ta zana ɗan tudu a allo. To, fitilar ba ta gani ta cikin rufin nan. Dole a ƙone shi a ɗan wuri kaɗan, a goge, gilashin ya fito fes. Wannan wuri shi ake kira taga. Da zarar an buɗe taga, bututun ya zama abin lallaɓawa, ko numfashi ka yi da ƙarfi sai ka ji tsoro.

Mutum ɗaya ne yake buɗe taga a ɗakinmu, Oga Tanko, babban ma'aikacin na'urori. Shi ne sama da mu duka, ban da malamai. Dattijo ne mai tsabta da tsare gida, ya kusa ritaya a lokacin. Idan zai yi wannan aiki, doka ɗaya ce: "Asabe, a rufe rediyo." Ni ce rediyon.

A shekarar akwai wata ɗaliba mai neman digiri na biyu, Rahila, 'yar manoman doya daga Gwada. Ma'aikaciyar wani asibiti ce, an ba ta hutun ƙaro karatu. Bincikenta a kan wani maganin zazzaɓin cizon sauro ne, tana son ta auna ƙarfin da yake riƙe wani furotin da ke cikin jinin mutum. Na ji malaminta, da muke kira Dakta, yana cewa maganin da furotin ya riƙe ba ya aiki sai wanda ya saki, don haka sanin ƙarfin riƙon yana taimakawa wajen sanin yadda za a ba majinyaci. Yadda ake aunawa kuwa, ana ƙara furotin cikin ruwan gwaji kaɗan-kaɗan, a ga yadda maganin ke ƙara makara kafin ya iso taga. Na ce wa Rahila, "Ashe mace ce da goyo, in yaro ya yi nauyi ba ta gudu." Ta yi dariya ta ce, "Mama, ke za ki tsaya mini gaban malamai."

Wahalar ita ce furotin nan yana manne wa cikin bututu ya lalata shi. Haka ya yi ta cinye mana su, har ya rage guntaye biyu kacal a aljihun tebur. Sabo kuwa sai an yi odarsa daga waje, ya yi watanni bai iso ba. Ga hutun Rahila zai ƙare a ƙarshen watan Maris, kuma asibiti sun ce ba ƙari. In ba ta sami sakamako ba, za ta koma bakin aiki hannu wofi, karatun ya tashi a banza. Dakta ya riga ya gano yadda za a riƙa wanke bututun tsakanin gwaji da gwaji don kada ya sake lalacewa. Taga kawai ta rage.

Ran nan da hantsi, ana zafin nan na Minna mai sa kujera ta ƙona mutum, Oga Tanko ya kashe fanka don kada iska ta kaɗa wuta, ya ce a rufe rediyo, na yi gum. Ni dai na daɗe ina jin cokali yana kaɗawa a kofin shayinsa fiye da da, amma ba hurumina ba ne, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ya auna, ya sa alama, ya ƙyasta ashana, rufin ya ƙone daidai. Da ya zo gogewa da auduga mai sifirit, sai na ji ɗan ƙaramin sauti, ƙas. Bututun ya rabu biyu.

Oga Tanko ya daɗe yana kallon hannunsa. Can ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko na ƙarshen, ya ce, "Rahila, zo ki zauna nan."

Ta ja da baya. "Baba, ni? Ban taɓa yi ba fa."

"Kin sha kallona. Hannun nan ya yi nasa, yau ya ce ya gaji. In na karya miki wannan, da wane ido zan kalli babanki?"

"In ni na karya fa?"

"To, kin karya naki. Zauna."

Ta zauna. Ya tsaya a bayanta yana faɗa mata inda za ta riƙe. Ta ɗauki tsinken ashana, ta ƙyasta, ya mutu. Ta sake, ya sake mutuwa. Gumi yana ɗiga daga haɓarta. Sai ta ajiye, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Mama, shirun nan ne zai kashe ni. Don Allah ki yi magana."

Na kalli Oga Tanko. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "A kunna rediyo."

Ai kuwa ban jira ya sake tunani ba. Na ɗauko labarin akuyar maƙwabciyata Maman Joy, wadda ta shigo mini gida ta cinye sabulun wanki sabo ful, ta fita tana kumfa a baki, yaran unguwa suka bi ta suna cewa ta yi aljanu. Na ce Maman Joy ta zo da faɗa wai in biya ta kuɗin maganin akuya, na ce mata ai ni ce zan karɓi ladan wanki, tunda aka haifi akuyar nan cikinta bai taɓa yin tsabta irin ta yau ba. Ina cikin kwaikwayon muryar Maman Joy sai na ji ƙamshin ashana. Ban tsaya ba. Na shiga yadda mai unguwa ya zo sasanci akuyar ta yi masa gyatsa a fuska. Kafaɗun Rahila suka sauka, hannunta ya tsaya cak. Ta kai wutar, ta janye, ta ɗauki auduga ta shafa a hankali kamar mai goge idon jariri.

Oga Tanko ya ɗaga bututun wajen haske. Ga taga nan tana ƙyalli. Ya ce, "Tawa ta farko ba ta kai wannan kyau ba." Ya bar ta ta ɗaura shi a na'ura da hannunta, ya nuna mata yadda za ta daidaita tagar da fitila.

Aka wanke bututu, aka sa magani shi kaɗai, tudu ya fito a allo siriri, tsaye. Aka ƙara furotin, tudun ya ɗan makara. Aka ƙara, ya sake makara. Rahila ta dafe ƙirji tana cewa, "Mama, goyon ya yi nauyi! Kin gani? Ya yi nauyi!" Na rangaɗa guɗa har masinjan ofishin da ke kusa ya leƙo yana tambaya wa ya haihu. Dakta ya shigo, ya duba allo, ya ce a maimaita kowane gwaji don a tabbatar. Aka maimaita a kwanakin da suka biyo baya, bututun nan ɗaya ya riƙe har ƙarshe, ta fitar da lissafin ƙarfin riƙon kafin hutunta ya cika.

Bayan ta kare bincikenta gaban malamai, babanta ya zo daga Gwada da doya a bayan mota. Ya ba Oga Tanko manya, ya ba ni nawa, ya ce wai an gaya masa har da akuya a cikin masu taimako, a kai mata ɓawon.

Abin da na ɗauka daga ranar nan shi ne, a aikinmu ba na'ura ce abin tsoron rasawa ba, hannun da ya iya ta ne. Oga Tanko ya yi ritaya da mutuncinsa domin ya san ranar da zai miƙa ashana, kuma kafin ya tafi sai da ya zaunar da duk ƙananan ma'aikata suka koya a kan karyayyun guntaye. Ni ma tun daga ranar ba a sake rufe ni ba. To ku da kuka daɗe a bakin aiki, wa kuka taɓa zaunarwa a kujerarku kuka ce masa gwada?