Ƙwayar da ta fi ƙarfin jinin gidanmu

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Azare, akwai wani jikana, ɗan babban ɗana. Maigidana nake ce masa. Tsaransa sun fara zuwa makaranta, shi bai taɓa cewa uffan ba. Ba kurma ba ne, ko langa aka buɗe a ƙuryar ɗaki yana ji. Ido ne dai ba ya haɗawa da kowa. In na zauna tsintar wake, sai ya zo gefena ya riƙa ware farare daga jajaye, yana jera su a bakin tabarma, yana wani guɗa-guɗa a maƙoshi kamar tattabara. In wani ya taɓa jerin nan kuwa, sai ya tashi ya yi ta buga goshinsa da bango har jini ya fito.

An yi rubutu, an yi hayaƙi. Da goshin ya ƙi warkewa, ubansa ya kwashe mu, ni da uwar yaron, muka tafi asibiti. Likita ya ce haka aka haife shi, ba iska ba ce. Ya ce maganin da zai bayar ba zai sa shi magana ba, bugun kan kawai zai rage. Ƙwaya ce 'yar ƙarama, ba ta kai ƙwayar waken da yake jerawa ba.

A bencin jira na saba da wata mata daga Giade. Ɗanta irin namu ne, kusan kansu ɗaya, kuma ƙwayar nan aka ba shi. Nata ya natsu, yana cin tuwonsa, yana wasansa. Namu ma ya daina buga kai, wannan gaskiya ne. Sai dai ya daina komai. Barci da hantsi, barci da azahar, miyau na zuba a rigarsa, wuyansa ya sandare ya karkata gefe guda. Na ajiye faifai a gabansa, ya dubi wake kamar tsakuwa.

Gida ya yi tsit, wasu har da godiya ga Allah. 'Ya'yana mata kuma suka fara raɗa cewa abin daga dangin uwar ya biyo. Ita Bafulatana ce, daga wata ruga kusa da Hardawa. Ta ji. Goge wa yaron baki kawai take yi da gefen zanenta.

Muka koma. Likita ya juya wuyan yaron a hankali, ya ɗaga masa fatar ido, sannan ya zauna. Ya ce hanta ita ce injin niƙan magani a jikin mutum. Ta wani tana niƙewa da wuri. Ta wani a hankali take, na jiya bai fita ba na yau ya tarar da shi, su taru. Ya ce gado ne, kamar yadda klorokwin ke sa wani gida susa, wani gida ko a jikinsu.

"Akwai inda ake gane wannan da gwajin jini," in ji shi. "Mu a nan ba mu da shi, tambaya muke yi. Alhaji, a danginku akwai wanda magani kaɗan ke kayarwa?"

Ɗana ya ce, "A gidanmu dai babu, likita. Sai ko ta can." Ya nuna matarsa da haɓa.

A wajenmu ba a faɗa wa baƙo abin da ke cikin jini. Akwai 'yan mata a gida da za a zo nema. Kuma uwa ba ta bayar da labarin ɗan fari a gaban mutane, ko sunansa ba ta kira. Na san duk wannan. Na dubi yaron, kansa na kan cinyar uwarsa.

Na ce, "Likita, akwai."

"Inna," in ji ɗana.

"Ƙanwar marigayi mijina, an yi mata allurar amai a garin Katagum tana da ciki. Wuyanta ya murɗe kamar na wannan, idonta ya kafe sama, aka ce bugun iska ne. Wannan na zaunen kuma, uban yaron, yana ƙarami aka ba shi maganin mura, sai da na riƙa kara kunne a ƙirjinsa in ji ko yana numfashi."

Likita bai dubi ɗana ba. Ya ce wannan ba tabbaci ba ne, amma ya ishe shi. Ya ce a rage ƙwayar, a riƙa ba shi ɗan gutsure, mu dawo ya gani.

Muka koma gida. Aka ɗauki lokaci ɗana daga bakin ƙofa yake gaishe ni ya wuce. Uwar yaron kuwa, da 'yan'uwanta suka kawo mata man shanu, sai na tarar da kwanon a ɗakina.

Wuyan ne ya fara saki, daga baya miyau ya tsaya. Wata safiya ina tsintar wake sai na ji tattabara a gefena. Hannu ya shigo faifai, ya ɗauki ja ɗaya.

Na ce, "Maigida, ashe ka dawo daga tafiyar. Ina tsarabata?"

Bai dube ni ba. Yakan buga kan jefi-jefi har yanzu, kuma har yau bai yi magana ba. Ranar dai na bar masa faifan, aka ci tuwo a gidan maimakon wake.