Murhun da Muka Aika Mambila

Na yi walda a Kamaru da Habasha kafin na buɗe shago a Durumi, amma ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Talata cikin Agusta, damina uku da suka wuce.

Wata nas, Madam Rifkatu, 'yar tsaunin Mambila mai aiki nan Abuja, ta sa na ƙera wa mahaifinta murhun ɗumama ɗaki. Ga wanda bai sani ba, akwatin ƙarfe ne mai ƙofa, da bututun da ke fitar da hayaƙi ta rufi. Ƙa'idarmu, a auna ɗaki kafin a yanka ƙarfe. Ta kawo awon, ɗakin babba ne, na yi babban murhu. Muka gwada a shago, wuta ta ci lafiya lau. Aka loda shi a motar ayaba da za ta koma daga Zuba.

Ranar Talatar ta biyo yin godiya. Tana dariya ta ce, "Oga, Baba kam ba zai cika wannan abu ba. Itace biyu yana sa, ya ce ya isa. Kuma kowane rami na ɗaki ya toshe da tsumma, wai sanyi."

A kan tsauni iska ba ta da kaurin ta nan, bututu ba ya jan hayaƙi sosai sai ya ɗauki zafi. Itace biyu cikin ƙaton murhu ba za su zafafa shi ba. Wutar za ta yi ta turnuƙewa, hayaƙin ya dawo wa mai barci. A tsaunukan Habasha na ga an fito da leburori biyu ranga-ranga daga rufaffen ɗaki, ɗayan bai tashi ba.

Na ce, "An haɗa bututun?"

"Yau da safe. Ƙanena ya haɗa, ya koma Gembu."

"Wa ke kwana da Baba?"

"Shi kaɗai."

Da na yi mata bayani, dariyar ta ɗauke. Aikin asibiti take yi, ba ta buƙaci na maimaita ba.

Wayar tsohon ba ta shiga, ƙauyen ba sabis. Ta ƙanen a kashe. Na kira direban motar ayabar, muka yi Fulatanci, ya ce ya riga ya sauko, amma ya san wani ɗan acaba a can. Da muka kira ɗan acaban ya je wurin tsohon, ya ce ruwa ake yi, hanya duk laka, sai ya tsagaita. Ni kuwa na san da yamma sanyi ke sauka, lokacin da tsofaffi ke hura wuta. Muka zauna kan benci, tana addu'arta, ina tawa. Ban iya ko taɓa ƙarfe ba.

Da la'asar sakaliya waya ta yi ƙara. Ɗan acaban ne, ya goyo tsohon zuwa kan tudun da ake samun sabis.

"Rifkatu, wa ya mutu?"

"Baba, ka kunna murhu?"

"Wannan rumbun? Itacen wata guda zai cinye mini a kwana ɗaya. Masara na zuba ciki, ɓera ba ya shiga."

Madam ta kifa kai a gwiwa, kuka da dariya suka haɗe mata.

Da damina ta ja baya, na hau tsaunin da kaina da ƙaramin murhu. Na ƙara tsawon bututu, na huda ƙofar iska a ƙasan bango, na sa mata raga yadda tsumma ba zai zauna ba. Itace biyunsa suka ɗumama gefen gadonsa. Babban kuwa ya hana ni ɗauka.

Tun ranar, wanda duk ya kawo mini awon ɗaki, ba na yanka ƙarfe sai na tambaye shi tsawon tudun garinsu, sannan na tambayi hannun wa zai riƙa zuba itacen.