Bidiyon da Inna Ta Ce In Goge

Shekarun baya, da na sayi wayata ta farko mai kyamara, ba wanda ya huta a ƙauyenmu na wajen Kura. Akuya na ɗauka, masu dashen tumatir na ɗauka, har injin ban-ruwa sai da ya sha hoto. Mahaifiyata ce kaɗai ta gagare ni. Ita ko hoton katin zaɓe sai da aka yi da gaske.

Sana'arta turara shinkafa. Wata rana tana shanya a tsakar gida, ɗankwalinta ya zame, tana bin kaji da faifai tana zazzaga musu faɗa kamar masu jin Hausa. Na laɓe a bayan rumbu ina ɗaukar bidiyo. Sai ta juyo.

"Kai, goge abin nan! Kaina a buɗe yake."

"Na goge, Inna."

Ban goge ba.

Ranar kasuwar Bunkure na kai memorin wayata wajen mai tura waƙoƙi, na bar masa na wuce sayen taki, ni mai wayo. Ashe duk abin da ya tarar a ciki kwashewa yake zuwa kwamfutarsa, wanda ya ba shi dariya ya tura wa masu saye.

Bayan wata biyu Inna ta je gidan suna, ta tarar mata sun yi da'ira a kan waya suna shewa. Ita ce a ciki, har kiɗa an ɗora. Da ta dawo ba ta yi min faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ashe ni ka kai kasuwa."

Na garzaya wajen mutumin, ya goge a gabana. Ya ce, "Malam, nawa na goge. Na wayoyin mutane fa?"

Daga ranar ba ta ƙara zuwa taron mata ba har Allah Ya karɓi ranta. Ta ce ta yafe min, amma har yau abin yana ci na. Ban ƙara ɗaukar kowa ba sai na tambaye shi.

Kwanaki wani abokina ya turo min bidiyon da alamar dariya, bai san ko wace ce ba. Muryarta ba ta rage a ko'ina ba sai a nan. Na kalla ina hawaye har wajen da ta juyo ta ce in goge. Na ce, "To, Inna." Wannan karon na goge, ina kuma sane a wayata kaɗai ya gogu.