Sunan da Inna Habi Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya taɓa sayen soyayyen kifi a bakin ruwan Goronyo ya san Inna Habi, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce gajeriyar dattijuwar nan mai ƙaton kasko, wadda take waƙa tana juya kifi. Idan ka cika taya ciniki sai ta saka ka cikin waƙar, da hularka da takalminka, mutane su yi ta dariya har ka karɓi ƙunshinka ka gudu. 'Yar Sarkawa ce, masunta gaba da baya. An haife ta tun kafin a datse kogin Rima, lokacin da mahaifinta yake bin ruwa a kan gora. A gaban idonta aka kawo manyan motoci aka tare kogin, fadamar da take tsinkar zogale ta koma tafki, mutanenta suka haɗa kamun kifi da noman albasa da shinkafa. Ta auri masunci, ta haihu, ta binne wasu ta raini wasu, mijin ya rasu, ita kuwa kaskonta bai taɓa sanyi ba.

Ni ce Ladidi, malamar firamare a Wurno, kuma ni nake ɗinka kayan wasa a ƙungiyarmu. Wasan kwaikwayo muke yi mai waƙe-waƙe, mu nuna shi a filin makaranta bayan Sallah ko bayan an cire albasa. Amma mun warwatsu, wani a Rabah, wani a Achida, wasu a Goronyo, kuma kowa da abin da yake ciyar da shi. Saboda haka yawancin gwajinmu a waya muke yi, a wani zaure da muka buɗe a Watsaf. Kowa ya rera nasa baitin ya turo, a yaba masa ko a yi masa tsiya. Gaskiya tsiyar ta fi gwajin yawa. Da asuba Maiturare na Achida, wanda yake fitowa a wawa, zai turo muryarsa yana kwaikwayon tarin wani. Tambari, mai jirgin inji a Goronyo, zai amsa masa da zagi. Daga nan sai a shiga labarin tsutsar da ta faɗa wa tafarnuwa, da wanda muryarsa ta shaƙe, da wanda ya ci tuwon biki bai kawo wa kowa ba. Haka muke wuni.

Mai rubuta mana wasa da waƙa shi ne Zayyanu, kuma shi ne ɗan farin Inna Habi. Shi ya jawo ta cikinmu, don babu macen da ke da muryarta a duk gaɓar nan. Ƙanwarsa Uwaliya ta saya mata waya, ta kafe mata zauren a can sama, ta nuna mata inda za ta danna ta yi magana. Iyakar abin da Inna ta sani a waya ke nan. Ba ta karatun boko, ba ta iya nemo lambar kowa, amma wannan ɗan madannin ta riƙe shi da kyau, har muka rasa inda za mu sa kanmu da saƙonninta.

To, kowa ya san al'adar ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta nuna shi a gaban mutane. Matan yanzu sun sassauta, wasu ma har hoto suke ɗauka suna rungume da nasu. Inna Habi kam ta riƙe tata kunyar kamar yadda ta karɓa daga uwarta. Tun yaye kakarsa ta ɗauke Zayyanu. Ya girma, ya yi gemu, ya haifi nasa, bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba. Wancan take ce masa. In wani mai irin sunan ya zo sayen kifi, sai ta ce mai sunan wancan. A zaure ma haka suke, uwa da ɗa a wuri ɗaya amma sai an yi musu ɗan aike.

"Ladidi, hwaɗa ma wancan waƙag ga tashi ta cika tsawo," in ji ta.

"Malama, ki ce ma Inna ita ta ka jan baitin," in ji shi.

Mu dai dariya muke yi. Shi ma yana yi, amma na daɗe da gane cewa tasa ba ta kai ciki ba. Wata rana ya kawo mini yadin da zan ɗinka, muna tsaye a ƙofar makaranta, ya ce, "Malama, na san tana so na. Kihin da yaf hi kowane girma ni aka aiko ma. Amma ko sau guda in ji yadda sunana yake ga bakinta. Shi ɗai na nika so." Ya faɗa yana murmushi yana kallon ƙasa, ni kuwa tausayi ya kama ni, sai na hau tambayarsa tsawon rigar.

Da ya tashi rubuta sabon wasa, sai ya yi mata tarko. Labarin wata uwa ne da ruwa ya ɗauke mata ɗa, ta tsaya a gaɓa tana kiransa da waƙa. Uwar, Inna Habi. Ɗan kuma ya raɗa masa suna Zayyanu, ido ba kunya. Ranar da ya turo baitin, zaure ya kama da wuta. Kowa ya gane abin da yake nufi, aka zuba kunne a ji yadda tsohuwa za ta fita.

Ta fita kuwa. Ta rero waƙar tun daga farko da muryar nan tata mai sa tsikar jiki tashi, da ta iso wurin sai ta ce:

"Ruwa, ba ni ɗana,
Ɗan nan taho gida, rana ta yi."

Maiturare ya ce, "Inna, ba haka anka rubuta ba!"

Ta ce, "Kai da anka rubuta ma, sai ka rera. Ni haka bakina ya iya."

Aka shafe makonni ana wannan ja-in-ja. Kullum sai wani ya tsokane ta, kullum sai ta zille. Har wasa ya koma cewa duk ranar da Inna ta faɗi sunan, Tambari zai ɗauki kowa a jirginsa kyauta a zagaya tafki. Shi Zayyanu bai cika sa baki ba, amma bai canja ko harafi ɗaya a baitin ba.

Abin ya faru ne wata Laraba da hantsi, a ƙarshen damina, ruwa ya cika ya batse. Ina cikin aji, wayata tana jaka. Sai da aka fita tara na ciro ta, na ga saƙonni sun taru jibgi. Na zauna a gindin dalbejiya na fara saurare daga sama, kamar yadda na saba. Maiturare yana ƙorafin rawanin da na ɗinka masa ya matse masa kai. Wani yana tambayar wa ya tafi da kalangun. Sai ga saƙon Inna Habi, da iska tana kaɗawa a bayansa.

"Zayyanu! Zayyanu! Wayyo ni Habi, ruwa ya ɗauke Zayyanu! Jama'a ku taho! Zayyanu!"

Wallahi sai da wayar ta kusa suɓuce mini. Kukan nata ma yana da amon waƙa, domin mace ce da ta yi rayuwarta tana rerawa, ko ihu ta yi sai ya fito da kari. Na danna na gaba. Maiturare ne yake rangaɗa guɗa irin ta mata, yana ihu, "Ta hwaɗi! Aradu ta hwaɗi! Yau Inna ta kira sunan!" Sai hotunan tafi da na wuta suka biyo baya, layi-layi. Wata 'yar Rabah ta ce ita har ta yi hawaye, wannan ya fi yadda aka rubuta. Wani ya ce a bar shi haka, kada a gyara komai. Sannan Tambari ya shigo yana dariya.

"Inna, kin kashe wasan ga! Amma ki sake muna guda, iska ta ɓata sautin. Ki koma cikin ɗaki."

Na kasa gane ko murna zan yi ko me. Amma na san matar nan. Ba guɗar Maiturare ba, ko sarkin ruwa ne ya roƙe ta ba za ta faɗi sunan nan don wasa ba. Na danna saƙonta na biyu. A wannan babu amo ko kaɗan, muryar ta dushe kamar ba tata ba.

"Tambari, mi kaka hwaɗi? Ba waƙa ta ba. Jirgi ya kihe da shi gabana, shina ƙetarewa da irin albasa. Kai ad da inji. Don Allah, Tambari."

Na duba lokacin da ke jikin saƙonnin, na ga tazarar da ke tsakanin kukanta na farko da na biyu. Duk tsawon lokacin nan matar tana tsaye a gaɓa tana kallon ruwa, ta kai kukanta wurin da kawai ta iya kaiwa, mu kuma muna yi mata tafi. Tambari yana zaune a rumfar mai shayi, jirginsa yana ɗaure kusa da shi. Haushi ya kama ni, na rasa wa zan ji wa. Mu ne muka shafe makonni muna jiran kalmar nan, da ta zo kuwa ba wanda ya saurari sauran maganar.

Na bar wa wata malama ajina na hau mota. Kafin in isa Goronyo labari ya riske ni a hanya: an same shi da rai. Ruwa ya ja shi can ƙasa, ya rungumi wani kututture da ya maƙale a cikin ciyawa, har Tambari ya iso ya ciro shi. Ya sha ruwa, ƙirjinsa duk ya goge, wayarsa ta tafi, amma yana numfashi. Tambari da kansa ya gaya mini daga baya cewa da ƙyar ya ɓamɓare yatsunsa daga itacen, kuma shi da ya yi ceton bai iya haɗa ido da kowa ba a ranar.

Na tarar da gidan cike da mutane. An kwantar da shi a tabarma a tsakar gida, an lulluɓe shi da bargo, matarsa tana ba shi kunu. Inna Habi tana can nesa a bakin madafa, ta juya baya, tana fere kifin da ba wanda zai ci. Zanenta jiƙe yake har ƙugu, ashe sai da aka riƙe ta, ta faɗa ruwan za ta bi shi. Na durƙusa na yi mata barka. Ba ta ɗago ba.

"Ladidi," ta ce a hankali, "tambaya mani ko wancan ya ci wani abu."

Na juya na kalli Uwaliya, sai na ga idonta ya yi ja, wayar Inna tana hannunta. Ta jawo ni gefe ta ce da zarar an tabbatar yana da rai, kafin ma a iso da shi, Inna ta damƙe mata hannu ta ce ta goge abin nan da ta faɗa, ta goge shi daga wayar kowa. Uwaliya ta roƙe ta, ta ce ta bari ko Yaya ya ji. Inna ta ce in ba ta goge ba, ba za ta ƙara shiga kasuwa ba. Na ciro wayata da sauri na duba. Saƙon ya tafi. Tafin da guɗar suna nan reras, suna amsa wa abin da babu shi. A cikinmu duka, mu da muke ajiye tarin Maiturare don dariya, ba wanda ya yi tunanin ajiye wannan.

Bayan ya warware ya sami wata waya, ya dawo zaure. Ya bi saƙonnin ranar ɗaya bayan ɗaya, ya ji Maiturare yana ihun ta faɗi, ta faɗi. Wasan dai ba mu nuna shi ba, kuma ba wanda ya tambayi dalili. Inna ta koma kan kaskonta, ta koma wancan, har yau.

Ranar kasuwar Achida muka haɗu, ni da shi da Maiturare, a rumfar mai lemo. Maiturare mutum ne da babu muryar da ba ya ɗauka. Yana yin liman, yana yin jaki, yana yin ita Inna Habi tana ciniki har ka rantse ita ce. Zayyanu ya daɗe yana juya kwalbar a hannunsa, sannan ya matso kusa da shi.

"Maiturare, kai ka ji ta. Yi mani yadda tac ce shi. Sau guda."

Maiturare ya ajiye lemonsa. Ya gyara murya, ya ɗaga kai kamar yadda yake yi in zai shiga fili, ya buɗe baki. Muka jira. Ya sake gyara murya, sai ya sa hula ya rufe fuskarsa.

"Ban iyawa, Zayyanu," ya ce. "Wallahi ban iyawa."

Zayyanu ya gyaɗa kai, ya juyo ya kalle ni. Na kawar da ido.