Zobban Rijiyar da Ban Shayar Ba

Ni mutumin Magariya ne, a nan aka haife ni, a nan kuma nake sayar da kayan gini. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka na bar shi. Da ku nake magana, samarin da ke karatun gine-gine kuna ganin shekarun sun yi muku yawa. Ina so ku ji yadda na ɗauki sunan injiniya ban cancance shi ba, da abin da sunan ya jawo.

Mahaifina dillalin gyaɗa ne. Ya sa ni lakwal, wato makarantar boko, saboda ya ga kaina na ɗaukar lissafi, kuma bai yi kuskure ba. Da muka gama, aka tura ni Yamai makarantar koyon aikin gini, ni da ɗan maƙwabcinmu Mamman Sani. Tun farkon zuwanmu aka shimfiɗa mana hanyar. Za ka zauna a aji shekaru, ka ci jarrabawa, a ba ka difloma. Daga nan ka yi istaj, wato ka bi wani babban injiniya wurin aiki, yana duba duk abin da ka taɓa, ba ka da ikon sa hannu a kan komai. Sai ya shaide ka sannan gwamnati ta ba ka takardar izinin riƙe aiki da kanka.

Mamman Sani ya ji wannan ya gyara zama. Ni kuwa na auna shi irin na ɗan kasuwa, na ga asara. Sa'o'ina a gida sun yi aure, wasu sun sayi keke, ni ina zana layi a takarda. A shekara ta biyu na tattara kayana. Mushen da ke koya mana aikin siminti ya tsare ni a bakin ƙofa ya ce abin da na koya ya isa in tayar da gini, amma bai isa in san abin da ke riƙe da shi ba. Na yi masa godiya na wuce.

Na dawo gida na shiga safarar siminti daga ƙetaren iyaka, kuma sana'ar ta karɓe ni. Magina suna zuwa saye, suna yi mini tambaya, ina amsawa, domin na iya karanta zanen gini, na kuma iya auna daidaiton bango. Wata rana wani magini ya kira ni Injiniya cikin zolaya, muka yi dariya. Sunan ya bi ni. Bayan ƴan watanni wani alhaji daga Waca ya tsaya a bakin shagona ya tambaya ina injiniyan da ake faɗa. Babu wanda ya tilasta mini. Na miƙe na ba shi hannu.

Na gina masa shaguna, na gina wa wani sito, na yi katangu da dama. A aikin farko na rage siminti kaɗan, bai faɗi ba. A na biyu na rage ƙarfe, shi ma bai faɗi ba. Ginin da ba bene ba, mai ɗaki ɗaya, a busasshen wuri yana da haƙuri, ni kuwa sai na ɗauka gwaninta ce tawa. Duk ginin da ya tsaya, sai ya ƙara mini ƙarfin zuciyar rage wani abu a na gaba.

Sai fari ya zo, wanda ya kashe dabbobi ya ƙafar da rijiyoyi. Akwai wani ƙauye a gaba da Dungas, ƙasarsu rairayi ce zalla, rijiyar gargajiya ba ta daɗewa a cikinta. Sun sa suna a jerin masu jiran rijiyar gwamnati, jiran ya yi tsawo. Ƴaƴan garin da ke fatauci a Kano suka haɗa ƙarfi suka ce a nemi wanda zai yi musu ta siminti. Maigarinsu ya zo Magariya da kansa, aka nuna masa shagona. Ban taɓa gina rijiya ba, a zane kawai na gan ta. Bai gama bayani ba na ce na karɓa.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Ana zuba siminti a ƙwarya ta ƙarfe a fitar da manyan zobba, kowanne mutum zai tsaya a cikinsa. Sai a riƙa saukar da su ɗaya bisa ɗaya, mai haƙa yana ciki yana kwashe ƙasa daga ƙarƙashi, zobban suna nitsewa da shi. Su ne ke tare masa rairayi. Ana haɗa simintin da tsakuwa da yashi mai kauri, sannan bayan an fitar da zobe daga ƙwarya a rufe shi da buhuna a riƙa shayar da shi ruwa safe da yamma har makonni. Na san ana yin haka. Dalilin ne ban sani ba, domin na bar makaranta kafin a kai darasin. Na ɗauke shi a cikin fi'ilin Turawa.

Tsakuwa sai an ɗauko ta daga nesa da kamyo, wato babbar mota, ga rairayi kuwa a ƙarƙashin ƙafarmu kyauta. Na yi amfani da shi. Ruwa kuma matan garin ne ke ɗauko shi a ka daga wata rijiya mai nisa, su fita da sassafe su dawo rana ta take. Da muka fitar da zobban farko na ambaci shayarwa, maigari ya dube ni, ya dubi matan da ke sauke tuluna, ya ce a hankali:

"Injiniya, yanzu ruwan da bayin Allahn nan suka ɗauko, shi za mu zuba wa dutse?"

Na ce a bari, ranar garin nan ta isa ta ƙarfafa shi. A ranar na sha albarka. Aka ce ba a taɓa ganin ma'aikaci mai tausayi irina ba. Ni ma na ji daɗin kaina, ga aiki ya ragu, ga yabo.

Mai haƙar garin sunansa Ilu, ya gaji sana'ar daga ubansa. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, ba ya rabo da barkwanci. Yakan ce shi kaɗai ne a garin ke zuwa lahira da safe ya dawo cin tuwo da yamma. Ya gaya mini a rijiyar gargajiya kunnensa ne ke tsaronsa, da ya ji rairayi ya fara zuba siriri sai ya girgiza igiya a ja shi. Amma tun da ya shiga tawa ya daina saurare, har waƙa yake yi a ciki. Na taɓa tambayarsa ko ba ya tsoro, ya ce, "Ta ƙasa ni na san halinta. Ta siminti kuwa taka ce, Injiniya. In ka ce in sauka, na sauka."

Aiki ya yi nisa sosai, ƙasar da ake fitarwa ta fara zuwa da sanyi, sai ga motar gwamnati ta tsaya a bakin gari. Mamman Sani ne. Ya gama karatunsa, har ya ƙara a Bamako, ya yi istaj, ya karɓi izininsa. Yana zagayen duba rijiyoyi ne a yankin Dungas, ya ji labarin tamu a kasuwa. Muka rungumi juna, ya tsokane ni da cewa kasuwa ta sa na yi tumbi. Sannan ya nufi zobban da ba a saukar ba tukuna. Ya ciro ƙusa daga aljihu ya karta jikin ɗaya. Simintin ya zubo kamar gari. Ya karta na biyu, haka.

Bai ce komai a gaban mutane ba. Ya ja ni bayan rumfa ya tambaye ni kwana nawa na shayar da su, na ce ban shayar ba. Ya tambayi tsakuwa, na ce rairayi na sa. Ya ce zobban nan suna tsaye ne kawai don rairayin sama busasshe ne, da an kai ga danshi zai matse su su fashe. Ya ce kada in ƙara saukar da ɗan Adam a ramin nan. Ya kuma buɗe mini ƙofa: in tsayar da aikin, shi zai nemi izini ya zo ya tsaya a kan sake zuba zobban, ni in kawo kaya in yi aiki a ƙarƙashinsa, sunan nan kuma in ajiye shi. Na ce ya rufa mini asiri kawai ya wuce. Ya ce:

"Asirinka zan rufa a gaban maigari, don mun tashi tare. Amma da na koma Damagaram sai na kai rahoto. Takardar da aka ba ni ba ta ado ba ce. In na gani na yi shiru, abin da ya faru a wuyana yake."

Na yi masa alkawari babu wanda zai sauka. Ya yarda da ni ya tafi, saura masa ƙauyuka kafin ya koma.

Da ƙurar motarsa ta kwanta, na sake yin lissafin ɗan kasuwa. Ruwa ya kusa. In ya fito kafin rahoto ya isa, babu wanda zai taɓa mutumin da ya kawo wa gari ruwa cikin fari. In kuwa na tsaya, dole in gaya wa maigari cewa ni ba injiniya ba ne, labari kuma ya riga ni isa Magariya. Maigari ya zo ya tambaye ni abin da baƙon ya ce. Na ce ya yaba da aikin.

Washegari da hantsi Ilu ya ɗaura igiya a ƙugu, ya yi bisimilla ya sauka. An fitar da guga kaɗan na jiƙaƙƙen rairayi, mutane suna ta murna suna shafa shi a hannu. Sai muka ji wata ƙara daga ƙasa, ba mai ƙarfi ba, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Ƙura ta taso daga bakin rijiyar. Masu riƙe da igiya suka ja, ta ƙi motsi. Aka yi ta kiran sunansa. Duk mazan garin suka shiga tono, da fartanya da hannu, suna kwashewa rairayi yana komawa. Sai kashegari aka kai gare shi.

Ba wanda ya ɗaga mini hannu. Maigari ya zaunar da ni a zaurensa, ya sa aka kawo mini ruwa, ya aika Dungas a kira jandarma. Na fi son a ce dukana suka yi.

A Damagaram aka yi shari'a. Alƙali ya tambaye ni diflomata, babu. Ya tambayi wanda ya ba ni izinin riƙe aikin rijiya, babu. Sai ya tambaye ni ko na san abin da ya sa ake shayar da siminti, na ce ban sani ba. Aka kira Mamman Sani shaida. Ya yi bayani cewa siminti ba bushewa ke ƙarfafa shi ba, shan ruwa ne, in rana ta ƙwace masa ruwan da wuri sai ya mutu a tsaye, ga siffa babu ƙarfi. Bayanin bai fi tsawon shan fura ba. A gaban alƙali na koyi darasin da na tsallake, bayan an binne mutum.

Na yi shekaru a kaso, wato gidan yari. Ba zan cika ku da labarin kwarkwata da ɗanyen tuwo ba, kowa ya ji irinsa. Mahaifina ya rasu ina ciki. Mamman Sani ya zo duba ni sau ɗaya, bai zage ni ba. Ya ce shi ma bai yafe wa kansa ba, da ya tsaya kare mutuncina maimakon ya faɗi gaskiya a gaban gari ya sa a toshe ramin a ranar. Ya ce tun daga nan bai ƙara jan kowa bayan rumfa ba.

Da aka sake ni, kafin in buɗe shago sai da na je ƙauyen. An cike ramin, gwamnati ta yi musu wata rijiyar a gefe guda. Maigari ya kai ni wurin yayan Ilu, dattijo ne, yana zaune yana tufkar igiya. Na durƙusa na nemi gafara. Ya ce sun daɗe da bar wa Allah, kwana ne ya ƙare. Sannan ya ajiye igiyar ya ce yana da tambaya ɗaya.

"Ranar da ya sauka, ka san ba ta da kyau?"

Na yi ƙarya da yawa a rayuwata, kuma wannan da na yi ta da ta wuce. Na ce, "Na sani, Baba. An gaya mini."

Ya sake ɗaukar igiyarsa. Sai ya ce yafiyar da ya yi, ya yi ta ne bisa zaton ban sani ba. Ya ce in tashi in tafi, in zuciyarsa ta sauko zai aiko mini. Har yau bai aiko ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Yanzu ina sayar da siminti da ƙarfe, ba na riƙe gini. In mai saye ya tambaye ni yadda zai haɗa, sai in tura shi wurin wanda ke da izini, ko da cinikin zai kuɓuce mini.

Ƴaƴana, ku zauna ku gama. Ku ci jarrabawarku, ku bi babba a wurin aiki ko da yana yi muku faɗa a gaban leburori, ku jira ranar da za a ba ku takardarku. Darasin da kuke ganin bai da amfani, ba ku san a wane rami za a tambaye ku shi ba. In wani ya kira ku da sunan da ba ku kai ba, ku gyara masa nan take, tun abin yana wasa. Ranar da mutane suka yarda kai injiniya ne, sun daina dubawa da idonsu, sun daina saurare da kunnensu, sai abin da ka ce. Ilu ya san sana'arsa, da kunnensa ya tsira shekara da shekaru. Saboda sunan da na ɗauka ya daina saurare.

Allah ya jiƙansa, ya tsare ku daga abin da na yi.